Yaron da Hannunsa Bai Kai Kunne Ba

Shekarun baya, can cikin shekarun casa'in, ina koyarwa a wata 'yar makarantar boko, lakkwal kamar yadda muke cewa, a wani ƙauye na ƙasar Buza, irin ƙauyukan nan da ke maƙale a gindin dutse. Azuzuwa uku gare mu, biyu na ƙasa, ɗaya na zana, mu ma malaman uku ne. Kowa a garin Mushe yake kirana, wato malam da Faransanci, har da matata, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan ƙwarai. A lokacin gani nake in aka cire direkta, shugaban makarantar, babu wani mai kai a garin sai ni, shi ma direktan don ya girme ni ne nake ɗaga masa ƙafa. Kullum akwai biro biyu a aljihun rigata, shuɗi da ja, kuma jan ya fi saurin ƙarewa.

Matata 'yar wajen Galma ce, ba ta taɓa shiga aji ba. Mace ce mai fara'a, in tana daka tun daga bakin rijiya ake jin waƙarta. Da ta samu cikin fari, wata uku ba su cika ba sai ta sake gaba ɗaya. Da farko mun ce laulayi ne. To amma laulayi ba ya sa mutum ya zauna ya fuskanci bango tun hantsi har la'asar. Ta daina cin abinci, ta daina kitso, barci ya ƙaurace mata, hawaye kuma suna zuba ba tare da wani ya yi mata komai ba. In ka tambaye ta inda ke mata ciwo sai ta ce babu, ita dai ta gaji da duniya. An yi rubutu ta sha, an yi hayaƙi, mahaifiyata ta zo ta ce iska ce, aka kawo mai magani daga wajen Keita ya yi nasa ya tafi. Daga ƙarshe direkta ne ya ja ni gefe ya ce in daina wahalar da 'yar mutane, in kai ta asibitin mishan da ke bakin kwalta, gaba da Madawa.

A can muka samu wani lokotoro, wato likita, Bature, tare da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, Kirista ce, 'yar ƙasarmu, ita ke fassara tsakaninsa da marasa lafiya. Ta zauna da matata ta fi awa guda suna magana ƙasa-ƙasa, ni ina waje ina ta duba agogo kamar mai wani muhimmin aiki. Bayan nan suka kira ni suka ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana da magani. Na tambaya ko maganin ba zai taɓa cikin ba. Lokotoron ya ce ya auna abin ta kowane gefe, kuma barinta a haka ya fi ba shi tsoro. Aka ba mu wasu 'yan ƙwayoyi masu launin ɗorawa, guda ɗaya kullum bayan tuwon yamma.

Mako uku ba mu ga komai ba, har na fara cewa mun yi tafiyar banza. A na huɗu na dawo daga makaranta na tarar ta dama fura tana sha. Kafin wata biyu waƙa ta dawo bakin turmi. Ta haifi namiji lafiyayye, ta ci gaba da shan maganin wasu watanni, sannan suka riƙa rage mata kaɗan-kaɗan har ta bari. Ranar suna, mahaifiyata tana riƙe da jaririn ta ce, “Allah dai Ya sa ƙwayoyin Nasaran ga ba su taɓa mai kai ba.” Na yi dariya, na yi mata dogon bayani irin na masu boko, ta ce to. Ashe maganar ta samu wuri a cikina ta kwanta, ni ban sani ba.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Matata ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban baƙi, in za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan”. Wanda bai san gidan ba zai rantse ba ita ta haife shi ba. Ni kuwa na sha kama ta tana tura masa tsokar da ta fi kyau ƙarƙashin tuwo, in na kalle ta sai ta kau da kai.

A wancan zamani yaran ƙauye ba su da takardar haihuwa, saboda haka akwai yadda muke ɗaukar sababbin 'yan makaranta. Ranar ɗauka sai a jera su ƙarƙashin itacen bedi, kowane yaro ya ɗaga hannun dama ya bi ta tsakiyar kansa ya kamo kunnen hagu. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga. Wanda bai kai ba, a ce ya koma gida sai baɗi. Iyayen da ba su son boko har koya wa 'ya'yansu suke yi su maƙale hannu, mu kuma mu ja hannun muna dariya, mu ce ga shi ya kai har ya wuce. Awo ne na mutanen da, ba a rubuta shi a wani littafi ba, amma da wuya ya yi ƙarya.

Lokacin da ɗana yake da shekara huɗu da rabi, ya riga ya iya ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Faransanci, don ni na cusa masa tun yana koyon magana. In baƙi sun zo sai in kira shi ya ƙirga, a yi ta mamaki, ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Ranar ɗauka ban sa shi a layi ba. Na shiga ofis na buɗe rajista, na rubuta sunansa da shuɗin biro, na ƙara masa shekara biyu da hannuna. Direkta yana tsaye a kaina ya ce, “Mushe, yaron ga bai yi ƙanƙane ba?” Na ce masa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya ce ɗana ne, ni na san shi, ya fita.

Ni ke riƙe da ajin farko, don haka a hannuna ya faɗo. Na zaunar da shi a benci na gaba, ƙafafunsa suna lilo ba su taɓa ƙasa ba. Alli ya riƙa suɓuce masa daga yatsu. Da an dawo daga hutun hantsi sai barci ya kwashe shi, kansa a kan allo. Ƙirgan da yake burge baƙi da shi ashe waƙa ce ya haddace, in ka aje masa tsakuwa bakwai ka ce nawa ne, sai ya tsaya yana kallon bakinka. Ni kuma don kada a ce Mushe yana son kai, duk laifin da wani zai sha bulala ɗaya a kansa, shi biyu yake sha. Akwai wani ƙashin akuya da muke rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a cikin makaranta. A mako, da wuya ya kwana biyu ba a wuyan ɗana ba. Sannu a hankali ya daina ce mini Baba. Ko a gida, ko a bakin akushi, Mushe yake cewa, kuma in na miƙa hannu zan ɗauki buta sai ya kare kansa. Ƙarshen shekara ya zo kusa da na ƙarshe, amma na wuce da shi aji na biyu, tunda ni ma da ajin na wuce.

A cikin damina ta wannan shekarar Allah Ya ba matata ciki na biyu, bayan mun fi shekara biyar muna jira. Murnar da muka yi ba ta faɗuwa. Da makaranta ta buɗe sai na ga alamomin nan sun fara dawowa, shirun nan da kallon bango. Wannan karon ban tsaya wata-wata ba, na ɗauke ta muka koma asibitin, dattijuwar nan ta gane mu, aka sake ba ta irin ƙwayoyin nan. Kafin a gama girbin wake ta fara dawowa cikin hayyacinta. Har ta ce in an haihu lafiya tana so a yi sunan a garinsu.

Sai jarrabawar zangon farko ta zo. Al'adar makarantunmu ce a tara yara a fili a karanto sakamako da babbar murya, daga na ɗaya har na ƙarshe, mutanen gari kuma su zo su tsaya bakin danga suna saurare. Da bakina na karanto sunayen ajina. Da na kai ƙasan takarda, sunan da ya rage shi ne na ɗana. Yara suka fashe da ihu suna tafi, kamar yadda ake yi wa kowane na ƙarshe. Wani magidanci da na taɓa yi wa faɗa a kan ɗansa ya ɗaga murya daga bakin danga ya ce, “Mushe, ashe karatun ga ba gado na ba?” Aka yi dariya. Ni ma na yi, ta dole.

Na isa gida na tarar da ita zaune a tsakar gida tana tsince wake. Na jefa littafin yaron a kan tabarmar. Ba ta iya karatu ba, amma ta san jan biro, don ta ga yadda fuskata ke yi in ina amfani da shi. Ta buɗe shafi biyu ta ce a hankali, “Ja ya yi yawa.”

Na ce, “Ya yi yawa mana! Ga aikin ƙwayoyinki nan. Tun shina ciki kinka shanye mai kai. Ga wani nan kuma kina shirya muna.”

Ta rufe littafin ta aje shi gefe, ta ɗora hannu a kan cikinta, sannan ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuwa na ci tuwona, na fita fada, dandalin hirarmu, wajen abokai, washegari ma na manta na faɗi wani abu. Ko daidai da minti ɗaya ban zauna na yi tunanin ko maganar gaskiya ce ba. Haushi nake ji, ina neman inda zan sauke shi, ita ce kuma ba za ta rama ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Daga nan abubuwa suka fara komawa baya. Kowane wata ina hawa moto, wato babur, in je in karɓo maganin, kowace yamma ni da kaina nake saka mata ƙwaya a tafin hannu, ta tashi ta nufi randa, ta juya mini baya, in ji ƙarar moɗa. Amma kullum sai ƙara ramewa take yi. Waƙa ta ɗauke, girki ya gagara, matar direkta ce ta koma aiko mana da tuwo. Wuyanta ya yi tsawo, cikin kaɗai ke gaba. Ni mai ilimi sai na yanke hukunci cewa ƙwayoyin bana ba su da ƙarfi, har ina gaya wa mutane haka. Wata uku cur muna a haka.

Wata Lahadi da safe, zafi ya fara shigowa, na je shan ruwa na ji randar tana wari, don an daɗe ba a wanke ta ba. Babu mai yi, sai na zubar da ruwan na ciccibe ta. Yashin da ke ƙarƙashinta, wanda kullum yake jiƙe, ya rine ya koma kamar an kwaɓa shi da garin ɗorawa. Na sa yatsa na tona. Ga ƙwayoyin nan, wasu sun narke, wasu saura rabi, na kwanan nan kuma suna nan da siffarsu. Na daɗe a tsugune ina kallo, kaina ya ƙi ɗaukar abin da idona ke gani.

Na shiga ɗaki da yashin a hannuna na ce, “Mi na na wanga?”

Tana kwance ta fuskanci bango. Ba ta ko juyo ba ta ce, “Mushe, na lalata guda. Ba ni lalata na biyu.”

Wallahi sai da na tambaye ta wa ya gaya mata wannan shirmen. Sai da tambayar ta fita daga bakina sannan na tuna. Na zauna a bakin gado.

Washegari na samu wata motar albasa mai zuwa Madawa, direban ya taimaka ya ba ta gaba, daga can muka sake wata har asibitin. Na tafi da yaron, don babu wanda zan bar wa shi. Suna ganinta suka ba ta gado a ɗakin mata. Dattijuwar nan ta zauna kusa da ita, kamar wancan karon, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta gama ji sai ta aika aka kira ni, na shiga yaron yana biye da ni. Ban taɓa ganin fuskarta a ɗaure ba sai ranar.

Ta ce, “Mushe, wanga shi na yaron da ƙwayoyinmu sunka lalata?”

Na ce ai ɓacin rai ne, ba haka nake nufi ba. Ta ce ba wannan ta tambaye ni ba. Ta tambayi ajinsa, na ce na biyu. Ta tambayi shekarunsa, bakina ya riga ni, na faɗi na rajista, na ce takwas.

Ta ɗaga wani tsohon kati da ke hannunta ta ce, “Takwas? Ga katin uwatai, ni ar rubuta shi lokacin tana da cikinai. Yaron ga bai cika shidda ba sai kwanan nan.” Sannan ta sassauta murya ta miƙa wa yaron hannu. “Zo, ɗana. Ɗaga hannunka bisa kai, ka kamo mani kunnenka.”

Yaron ya fara kallona tukuna, ya ga ko an yarda. Na gyaɗa masa kai. Ya ɗaga hannun dama ya bi ta tsakiyar kai. Yatsunsa suka tsaya sama da kunnen, saura kamar faɗin yatsa biyu. Ya ƙara miƙewa, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa kamar hakan zai taimaka, ya karkatar da kai, ya fiddo harshe don ƙoƙari. A zatonsa wata jarrabawa ce kuma. Da ya ga abin ya ƙi, sai idanunsa suka cika, ya sauke hannun ya kare kansa da shi ya ce, “Mushe, ban iya ba.”

Mata kusan goma ne kwance a ɗakin da masu jinyarsu, duk suna kallo. Ni da na ja hannun yara sun fi ɗari a ƙarƙashin bedi, ban taɓa ɗaga na ɗana ba sai da wata ta yi mini a gaban jama'a. Ko a ranar, bayan shekara ɗaya da rabi a aji, da a layi yake da gida za mu ce ya koma.

Dattijuwar ta ce, “Shekara da rabi kana bugun yaro don bai kai inda Allah bai kai shi ba tukuna. Da abin ya ƙi, kaɗ ɗauki laihin kaɗ ɗora ma wadda ba ta iya karanta rajistarka. Kai Mushe na, in kac ce ƙasa sama ta, yarda za ta yi.”

A nan ne matata ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta yunƙura ta tashi zaune, ta kira yaron da sunansa, sunansa na yanka, a gaban duk matan nan. Shi kansa sai da ya waiwaya, don bai taɓa jin sunan daga bakinta ba. Ta jawo shi ta kwantar da kansa a kafaɗarta, tana shafa hannun nan da bai kai ba. Babu wadda ta yi mata dariyar rashin kunya. Wata tsohuwa a gadon kusa ma goge ido ta riƙa yi da bakin zane.

Da lokotoron ya zo na tambaye shi kai tsaye, ko maganin yana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Ya ce shi ba zai rantse mini a kan abin da ba a gama sani ba, babu maganin da ake ba mai ciki ba tare da an yi tunani ba. Amma a iya saninsa, da abin da ya gani a aikinsa, ba shi da dalilin ɗaura faɗuwar yaron nan a wuyan ƙwayoyin. Ya ce abin da yake da tabbaci a kai shi ne abin da ke kwance a gabansa, mace mai cikin wata bakwai wadda ta yi wata uku ba ta ci ba ta barci.

Ta yarda ta koma shan maganin, wannan karon a gaban dattijuwar. To amma magani ne mai son lokaci, mu kuma lokacin ya ƙure mana. Kwana goma da kwantar da ita naƙuda ta taso. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, tafin hannuna biyu sun ɗauke ta. Sun yi iya ƙoƙarinsu, na shaida wannan. Kwana huɗu ta yi a duniya, rana ta biyar da hantsi ta koma, ko suna ba a kai ga yi ba. A can muka binne ta, ni da wasu masu jinya da ban ma san daga inda suka fito ba, Allah Ya saka musu.

Na san ajali ne, kuma ba wanda ya ce mini ga abin da ya jawo haihuwar kafin lokaci. Lokotoron ma bai ce ba. Amma ni na san abin da na zuba a cikin wata ukun nan, ba sai an gaya mini ba.

Bayan mako biyu aka sallame mu. Muna zaune a bakin kwalta ƙarƙashin wata rumfa muna jiran mota, yaron yana barci a cinyarta, sai ta ce, “Mushe.” Na ce na'am. Ta ce, “Da ta rayu, da ta yi ƙoƙari ga lakkwal, ko? Ita kam na tsare mata kanta.”

Ba gori take yi mini ba. Da gori ne da na ji sauƙi. Tambaya take yi tsakaninta da Allah, tana jiran amsa daga wanda ya fi ta sani. Wato duk da abin da ta gani da idonta a ɗakin nan, duk da maganar dattijuwar da ta lokotoron, tawa maganar tana nan daram a zuciyarta. Na ce mata ƙarya na yi, ƙwayoyin ba su yi komai ba, ni na yi. Na faɗa, na sake faɗa. Ta ce, “To, Mushe.” Irin “to” ɗin da ake ce wa mutum don ya huta.

Da muka koma gida na je wajen direkta na ce a cire ɗana daga makaranta. Bai ce “ai na gaya maka” ba, ya dai buɗe rajistar ya miƙo mini. Da jan biro na soke sunan. Yaron ya yi sauran shekarar yana bin awaki da tsaransa, ya yi baƙi, ya yi ƙiba, ya koyi harbin tsuntsu. Da lokacin ɗauka ya zagayo na sa shi a layi kamar ɗan kowa. Hannun ya kama kunne da ƙyar, aka rubuta shi a ajin farko, a hannun wani malami, ba ni ba. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma sake zuwa na ƙarshe ba. Ya samu takardar gama firamare, ya ɗan taɓa gaba, yau yana gyaran injinan ban ruwa na masu noman albasa, kuma in inji ya gagari kowa a yankin shi ake nema. Sai da ya kusa shekara goma kafin ya sake ce mini Baba, kuma har yau wani lokaci Mushe ke fara fitowa, sannan ya gyara.

Matata ta warke, amma a hankali, fiye da shekara. Allah Ya ƙara ba mu yara biyu. Tana ɗauke da cikin ɗaya daga cikinsu ciwon ya sake leƙowa, ta sha maganin bisa shawarar likitoci tun daga farko har ƙarshe, ni kuma na koyi zama kusa da ita har ta haɗiye, ba don tsaro ba, don ta san ina tare da ita. Kada ku tambaye ni wanne ne a cikin biyun, ko wa ya fi wani ƙoƙari a makaranta. Na daina wannan awon, ya riga ya ci mini abin da ya ci.

Yanzu na daɗe da barin aiki. Abin da ya sa na tuno da wannan, kwanan baya na ji wasu matasa suna gardama a kan ko irin wannan magani yana hana yaro karatu, kowa yana yanke hukunci da ƙarfinsa. Ni ba likita ba ne, ba ni da abin cewa a kan wannan, a bar wa masu shi. Abin da na sani shi ne, yaro kan faɗi jarrabawa don dalilai masu yawa, wani ma uban ne da kansa, amma in an tashi neman mai laifi, wajen uwa aka fi saurin zuwa. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mace mai irin wannan ciwo kuwa ta riga ta gama tuhumar kanta tun kafin ka buɗe baki, kalma ɗaya take jira ta tabbatar mata. Ni na ba tawa wannan kalmar, a kan littafin ɗan shekara biyar, don wani ya yi mini dariya a bakin danga. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina, kuma ba ta raguwa da tsufa.

Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, ko a cikin faɗa. Har na fara zaton ta manta. Bara da aka buɗe makarantu, ɗan nan namu ya kawo babban ɗansa ya gaishe mu kafin a kai shi ajin farko, da sabuwar jaka a baya. Yanzu akwai takardar haihuwa, ba mai yin wancan awon. Amma ta kira jikan ta ce ya aje jakar, ya ɗaga hannu ya kamo kunnensa. Ya kama har da ja, yana dariya. Ta ce, “To, tahi, Allah Ya ba da sa'a.”

Da suka fita ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Da ta rayu, da yanzu nata ɗiyan ma sun kama kunne.”

Na ce haka ne. Na ɗauki buta na zaga bayan ɗaki, na daɗe ban fito ba.